Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugabannin Ƙungiyoyin Ɗalibanmu Da Ke Alƙahira

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ƙannena shugabanni, maza da mata, na Najeriya da na Nijar da na duk inda ake jin Hausa, ina gaishe ku, ina muku sannu da ƙoƙari, da fatan karatu yana tafiya yadda ake so. Ni yayanku ne a wannan hanya. Na riga ku shan ruwan Nilu, na zauna a unguwannin da kuke zaune, Allah Ya dawo da ni gida. Na rubuto muku a fili ne saboda maganar ba taku ba ce ku kaɗai. Ta shafi iyayen da ke tura kuɗi daga gida, ta kuma shafi yaran da yanzu haka suke harhaɗa takardunsu suna mafarkin Azhar.

Maganar abota ce. Da wa ɗalibinmu yake zama a Alƙahira? Da wa yake cin abinci? In zazzaɓi ya rufe shi cikin dare, ƙofar wa zai buga? Kuma cikin mutanen ƙasar da ya je ya share shekara biyar ko bakwai a cikinta, mutum nawa ne suka san sunansa da sunan garinsu?

Kafin in shiga ciki, haƙƙinku ne a faɗi alherinku. Ku ne kuke tsayuwa a filin jirgi da tsakar dare kuna jiran yaron da ba ku taɓa gani ba, don kawai wani ya turo muku lambarsa. Ku ne kuke raka shi ofishin fasfo na Abbasiyya ya bi layin iƙama, wato takardar izinin zama, ku nema masa katifa da bargo, ku nuna masa inda ake sayen gurasa. In wani ya kwanta asibiti ku ke jinya, in rai ya yi halinsa ku ke tsayawa har a yi sutura, ku ne kuma masu ɗaukar nauyin buga waya gida. Babu albashi a wannan aiki, sau da yawa ko godiya babu. Allah Ya saka muku da alheri.

Sai dai tarbar da muke yi wa baƙo a bakin ƙofar ɗakinmu take tsayawa. Mu ɗauko shi daga filin jirgi, mu kai shi gidan 'yan garinsu a unguwar Hayyul Ashir ko Hayyus Sabi'i, ko ɗakinsu a Bu'us, masaukin da Azhar ta tanadar wa ɗaliban ƙasashen waje, shi ke nan an gama. Kun san irin gidan da nake nufi. Samari shida ko bakwai a ɗaki uku, takalma jibge a bakin ƙofa, buhun shinkafa a lungu, robar yaji da ƙullin kuka da daddawa da wani ya taho da su daga hutu, jadawalin girki manne a jikin firji. Da safe a gaisa da Hausa, a tafi kulliya, wato tsangayar karatu, tare, a zauna benci ɗaya, a dawo tare. Da dare a tuƙa tuwo, a baje a falo kowa da wayarsa: wannan yana kallon fim ɗin Hausa, wancan yana musun siyasar jiharsu a Facebook, ɗayan yana kiran gida ta WhatsApp. Gidan nan yana da daɗi, rahama ne ga wanda ya baro uwa da uba. Amma akwai wanda zai shige shi yana ɗan shekara goma sha tara, ya fito da digirinsa, bai taɓa sa hannu a kwanon gidan ɗan Masar ba. Misirawan da ya sani su ne mai gadin bene, da dillalin da ya sama musu haya, da mai kantin ƙasa. Jikinsa ya yi shekaru a Masar, zamansa kuwa duk a Fagge ya yi shi, ko a Tudun Wada, ko a Damagaram.

Ban ɗora wa yaran laifi ba, don na san abin da ke kora su ɗaki. Harshe ne kan gaba. Yaro ya sha nahawu da sarfu a makarantar zaure da Islamiyya, yana ji da Larabcinsa, ya sauka ya tarar na titi daban yake: harafin jimun ya sauya, harafin ƙafun ya ɓace, magana kuma da gudu. Ya shiga ƙaramar bas, kuɗin mota na tafiya hannu-hannu daga baya zuwa gaba, kowa na faɗin inda zai sauka, shi kuwa ya rasa yadda zai ce wa direba ya tsaya har a wuce da shi. In ya daure ya yi magana da Larabcin littafi, wani ya yi murmushi, wani ya kwashe da dariya ya ce masa "sadaƙallahul azim". Kunya ta kama shi, daga ranar ya ɗinke bakinsa. Ko a cikin aji akwai malaman da rabin bayaninsu da ammiyya, wato Larabcin titi, suke yi, yaro ya fito bai tsinci komai ba.

Ɗayan dalilin ba zan ɓoye shi ba, domin ɓoye shi cin amanar masu tahowa ne. Baƙar fata tana gamuwa da cin fuska a wasu titunan Alƙahira. Yara su bi ka da "samara" ko "shokolata", wani lokaci har da manya a ciki. 'Yan uwanmu mata sun fi shan wannan, don su abu biyu ne ya haɗe musu. Wanda aka yi wa haka sau biyu sau uku, in ya ce ba ruwansa da mutanen garin, ba za a ce ya yi wauta ba. Amma birnin da ke ɗauke da mutum sama da miliyan 20 ba a yanke masa hukunci da bakin marasa tarbiyyar kan titi. A garin nan ne dattijuwa za ta gan ka tsaye kana waige-waige, ta bar hanyarta ta raka ka har inda za ka. A garin nan ne ake shimfiɗa teburan buɗa-baki a kan titi duk watan azumi, waɗanda suke kira mawa'idur Rahman, a jawo hannun mai wucewa ba a tambayi ƙasarsa ba. Yaron da ya kulle kansa a ɗaki fuskar farko kaɗai ya gani, da ita kuma zai koma gida ya ba da labari.

Mu ba baƙin jiya ba ne a wannan birni. Tun wajajen shekarun 1240 mutanen Kanem suka kafa makarantar Ibn Rashiƙ a Masar domin ɗalibansu da alhazansu, kuma a cikin masallacin Azhar kansa, wanda aka buɗe a 972, akwai ruwaƙi, wato sashen masaukin ɗalibai, da aka sani da sunan Barnawa. Wato magabata ma sun san amfanin masaukin 'yan gida, ba wanda ya ce a rushe shi. Amma ku dubi Malam Muhammadu Alkashnawi, Bafulatanin Katsina, masanin lissafi da taurari, wanda bayan ya sauke farali ya zo ya zauna a Alƙahira. A gidan Shaihu Hasan Aljabarti ya sauka, ɗaya daga manyan malaman garin a zamaninsa, mahaifin marubucin tarihin nan Abdurrahman Aljabarti. A can ne Allah Ya karɓi ransa a 1741, kuma kafin rasuwarsa ya naɗa mai masaukin nasa wasiyyi a kan dukiyarsa da littattafansa. Ɗan mai gidan ne daga baya ya rubuta labarinsa, wannan na cikin dalilan da suka sa yau muke da abin faɗa a kansa. Ku auna amanar da za ta sa Bakatsine ya cika a hannun mutumin wata ƙasa, ya damƙa masa littattafansa, abin da malami ya fi ƙauna cikin kayan duniya. Irin wannan amana zama ke kawo ta, da cin abinci tare, da jan mas'ala har dare ya raba.

Asarar da ake tafkawa ta wuce a ce mutum bai yi abokai ba. Harshe a bakin masu shi ake ɗaukarsa. Mun sha ganin wanda ya dawo da shahada mai daraja, in aka ba shi littafi ya feɗe shi tas, amma in Balarabe ya zo gari aka ce ya yi tafinta sai gumi ya karyo masa. Haka karatun kansa. Aboki ɗan gari ne zai gaya maka wane malami ke karantar da wane fanni a wane masallaci bayan sallar asuba, a wane lungu na bayan Azhar ake samun bugu mai inganci, wane mai shago ne a kasuwar tsofaffin littattafai ta Azbakiyya ba ya tsauwala farashi, da yadda malam wane yake son a amsa masa jarrabawa. Ba a manna waɗannan a allon sanarwa.

Kuma ba Misirawa kaɗai nake nufi ba. Azhar tana tara ɗalibai daga ƙasashe sama da 100. A Bu'us ƙofa da ƙofa kake da ɗan Indonesiya, da ɗan Senegal, da ɗan Somaliya, da ɗan Malesiya. Da wuya ɗan Arewa ya sake samun wurin da duniyar Musulmi za ta taru masa a baranda ɗaya. Yaran nan da ake gaisawa da su sama-sama a bakin famfo, gobe su ne malaman jami'a da alƙalai da 'yan kasuwa da jakadu a ƙasashensu. Ku je ma ku ga yadda 'yan Indonesiya da Malesiya suke tsara kansu: gidajen jihohinsu, da'irorin bita kafin jarrabawa, 'yan mujallun da suke bugawa da kansu. Akwai abin koyi a can, kyauta, ƙafa kawai yake buƙata.

Roƙona shi ne ku faɗaɗa abin da kuke kira tarbar baƙo. Baƙo ko da ido makaho ne, aikin ja-gora kuwa bai ƙare ba sai ranar da baƙon ya iya fita shi kaɗai ya dawo. A watan farko na duk sabon zuwa, a zaunar da shi a koya masa ammiyyar da zai shiga mota da ita, ya yi ciniki, ya gaida maƙwabci, ya kai ƙara in an zalunce shi. Kuna da tsofaffin ɗalibai da suka iya ta kamar a nan aka haife su, awa biyu a mako ta wadatar. Kada wani ya ce muku ammiyya tana ɓata Larabci. Shehunnan da kuka tsallaka ƙasashe don ɗaukar karatu a gabansu da ita suke magana da iyalansu, ba ta hana su zama abin da suka zama ba.

Akwai wata ƙofa a buɗe da ba mu cika shiga ba. A jami'o'in Alƙahira akwai Misirawa da ke karatun harshen Hausa, wasu har digiri na biyu da na uku. Mutanen nan neman Bahaushe suke ruwa a jallo, su ji lafazi daga bakinsa, ya warware musu karin magana, ya gyara musu rubutu. Muna neman mai gyara mana Larabci, suna neman mai gyara musu Hausa, ga mu a gari ɗaya kowa na wuce kowa. Wasiƙa ɗaya daga ƙungiya zuwa sashen da ke koyar da su ta isa ta haɗa zama na wata-wata, awa ɗaya da Hausa, awa ɗaya da Larabci. Abotar da aka ƙulla kowa na da abin bayarwa ta fi ƙarko, domin ba wanda ya shigo a matsayin mai roƙo.

Ƙwallon da ake bugawa tsakaninmu, jiha da jiha, a gayyato samarin unguwa su fito da tasu tawagar, a gayyato 'yan Senegal da 'yan Indonesiya. Ɗan Masar in ka tambaye shi Ahli yake ko Zamalek ka buɗe hirar da ba ta ƙarewa. In ƙungiya ta yi buɗa-baki da azumi, a ware kwano a kai wa maƙwabtan bene da mai gadi, a kuma kira su su zo su ɗanɗani kunun gyaɗa da ƙosai. Baje-kolin littattafai na Alƙahira, wanda ake yi tun 1969, daga ƙarshen Janairu zuwa farkon Fabrairu, a je shi da ɗaliban wata ƙasa a mota ɗaya. Duk cikin waɗannan babu wanda ya fi ƙarfin aljihun ƙungiya.

Bari in juyo cikin gida, don nan ne abin ya fi ci mini rai. Ko a tsakaninmu zumuncin ya tsattsage. Kanawa da gidansu, Sakkwatawa da nasu, Barnawa da nasu, 'yan Nijar can gefe sai ka ce ba harshe ɗaya muke ji ba, Hausawan Gana da na Kamaru kuwa sai a shekara ba a neme su ba. 'Yan uwanmu na Kudu fasfo ɗaya muke riƙe da su, amma daga gaisuwa babu ƙari. A kan wannan kuma aka ɗora rabuwar da aka yo guzurinta daga gida: wannan ɗan ɗariƙa ne, wancan ɗan Izala ne, ba a cin tuwon gidan su wane. Yaro ya sauka yau, kafin ya san hanyar kulliyarsa an riga an lissafa masa waɗanda zai guje wa. In zaɓen ƙungiya ya zo, a ɓata ɓacin da zai kai baɗi ba a shirya ba. Ƙannena, kuna zaune a inuwar masallacin da aka shafe ɗaruruwan shekaru ana karantar da mazhabobi huɗu a cikinsa, kowane malami jingine da ginshiƙinsa. In ba ku koyi zama da mai saɓa muku a nan ba, a ina za ku koya? Ku ne fa za ku dawo ku hau mumbari a garuruwanmu, kuma abin da kuka saba da shi a falon Hayyul Ashir shi za ku zo ku shuka a masallatan Kano da Maraɗi.

Sannan akwai yaron da ya yi shiru. Kowace shekara akwai shi. Da farko yana zuwa taro, yana cikin masu dariya. Sai sakamako ya fito ya ga zai maimaita shekara, ko kuɗin gida su yanke. Kun fi ni sanin abin da ya sami aljihun iyaye: dalar da ba ta kai naira 500 ba a farashin gwamnati kafin Yunin 2023 ta haura naira 1,500 a farkon 2024. Fam ɗin Masar ma ya faɗi a watan Maris na 2024, kaya suka yi tsada, haya kuma ta tashi tun bayan da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 mutane suka yi ta kwararowa Masar. Uban da jiya yake ɗaukar nauyin ɗansa ba da wahala ba, yau sai ya ɗaga wani abu ya sayar. Yaron ya san haka, don haka ba zai buga waya ya ce babu ba. Abokan zama ma ba zai gaya musu ba, kunya ta hana. Sai ya fara janye jiki. In an zo karo-karon cefane ya ce ya ƙoshi, ko ya ce azumi yake. Ya daina zuwa kulliya, ya kwana yana duba waya, ya wuni a ƙarƙashin bargo, ga sanyin Janairu mai ratsa ƙashi a gidajen da babu abin ɗumama ɗaki. Mu kuma mu ce wane ya cika miskilanci, ko girman kai ne ke damunsa, mu ƙyale shi. Ciwon damuwa ciwo ne na gaske, yana kama mahaddaci yana kama kowa, kuma likitocinsa suna nan a garin da kuke.

Ba sai an kafa kwamiti mai dogon suna ba. Ku raba sababbin zuwa, kowane tsohon ɗalibi mai hankali a damƙa masa uku ko huɗu, gara ma kada su zama 'yan jiharsu. Aikinsa ya tashi ya je inda suke, ya zauna a sha shayi, ya ga idonsu. Saƙon "ya kake" a waya ba ya gano wanda ya kwana biyu bai ci ba, zumunci a ƙafa yake. A kuma ajiye ɗan asusu a hannun amintattu biyu, wanda za a taimaki mai buƙata daga ciki ba a karanta sunansa a taro ba, ba a ɗauke shi hoto ba. Mutuncin yaro in ya zube a gaban tsaransa, da wuya ya sake yarda ya buɗe baki.

Ƙannenmu mata ina roƙon a duba su dubawa ta musamman. Namiji in ɗaki ya ishe shi zai fita ya zauna gidan shayi, ya je filin ƙwallo, ya sha iska a bakin kogi. Ita kuwa daga masauki sai aji, daga aji sai masauki. Ga fargabar titi, ga fargabar bakin 'yan uwanta, don in an gan ta sau biyu a wani wuri labari ya riga ta isa gida. Masu aika irin wannan labari su ji tsoron Allah. Shugabannin mata su samu kasonsu na kuɗin ƙungiya da damar shirya nasu zaman, ba sai sun jira amincewar maza a kan kowane ƙaramin abu ba: ziyarar juna, bita, fita tare zuwa wuraren tarihi, haɗuwa da ɗalibai mata na wasu ƙasashe. Kada kuma a manta da matan auren da mazajensu ɗalibai suka taho da su. Ba sa zuwa aji, ba sa jin Larabci, suna wuni a hawa na biyar da jariri a hannu, ba uwa ba dangi, ba mai leƙo su sai mai gida ya dawo da dare.

Na san abin da wasu iyaye za su ce in sun karanta wannan, don shi suke faɗa wa yaro ranar sallama: karatu ka je yi, ka kama kanka, ban da shiga mutane. Tsoronsu gaskiya ne. Akwai abokin da ke kai mutum ya baro, a Masar da ko'ina. Akwai kuma ɗaliban da suka saki aji suka koma bin marasa lafiyar da ke zuwa asibiti daga gida suna musu tafinta, ko harkar aika kaya, har shekarun karatu suka wuce su. Amma Baba, Inna, ku lura: yaron da ba shi da kowa shi ya fi saurin faɗawa hannun mugu, domin duk wanda ya fara sakar masa fuska shi zai bi. Mai abokan kirki, na gida da na waje, yana da masu ja masa kunne a inda idonku bai kai ba. In kun kira shi, bayan kun tambayi karatu da lafiya, ku tambaye shi su wa ye abokansa, 'yan ina ne, ya taɓa zuwa gidansu? In ya ce ba shi da kowa sai littafinsa, kada hankalinku ya kwanta, ku ƙara tambaya.

Ƙannena shugabanni, sababbin ɗalibai na nan tafe. Ina roƙonku ku sa wannan magana a zamanku na gaba tun kafin su sauka, ku fitar da sunayen masu koyar da ammiyya da na waɗanda za a damƙa wa baƙi, ku kuma rubuta wa sashen Hausa wasiƙar da na ambata. Mu da muka dawo gida muna da namu nauyin. Asusun da na ambata, in kun kafa shi ku turo mana bayaninsa, za mu tara abin da ya sawwaƙa.

Allah Ya ba ku ilimi mai amfani, Ya haɗa ku da abokan arziki, Ya dawo mana da ku lafiya.

Wassalamu alaikum.

Yayanku,
Tsohon ɗalibi a Alƙahira.